Baƙin da Suka Ƙi Cin Na'ana'a

Masu zuwa ziyara da zafi ba sa yarda idan aka ce musu Madina tana da ɗari. Tana da shi kuwa, irin mai shiga ƙashi. Lokacin da nake yarinya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, gidanmu yana Ƙurban, unguwar ba ta cika ba tukuna, gonakin dabino sun fi gidaje yawa. Da yamma ana jin injin ban-ruwa yana tuk-tuk-tuk a bayan katangarmu, iska tana kwaso ƙamshin na'ana'a daga lambuna tana zubo mana a tsakar gida. Da an idar da sallar Isha'i, Baba ya dawo daga masallacin Ƙuba, sai Umma ta kama kaskon gawayi da tsumma ta kai ɗakin kakarmu, ta ɗora butar shayi a gefen garwashi. Ni da ƙanwata Safiya mu shige bargo ɗaya, muna ture-ture a kan wa zai fi kusa da wuta.

Sitti muke kiranta, kamar yadda duk yaran Madina suke kiran kakarsu. Ita ce ta haifi Baba. Da ƙafa ta zo daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ita da kakanmu, suna tafiya suna tsayawa su yi noma su ƙara gaba, har Baba ma a Sudan aka haife shi. Idonta ya fara raunana a lokacin, amma kunnenta da hancinta ba abin da ke wuce su. Kuma tana da doka guda a ɗakinta: mu da muke jin Hausa mu amsa da Larabci, idan mun zo jin tatsuniya sai mu bar Larabcin a bakin ƙofa tare da takalmanmu. Ba don ta raina shi ba. Cewa take Larabci harshen salla ne, ita ba za ta zuba ƙarya da shi ba, tatsuniya kuwa ƙarya ce mai daɗi, sai da Hausa.

Daren da na fi tunawa a cikin dararen nan, ban shiga ɗakin don jin daɗi ba. Na shiga ne da tunanin wasu baƙi da na ɓoye a bayan tulu, suna mutuwa da yunwa, ni kuma ban san abin da zan yi musu ba.

Ga yadda aka yi. Makarantarmu ta 'yan mata wani babban gida ne mai doguwar katanga, a bayansa akwai ɗan lambu mai itacen lemun tsami da 'yan furanni. A can kusurwa, inda ruwan famfo ke ɗiga, wani tsiro ya fito da kansa, mai faffaɗan ganye launin toka-toka, wanda idan aka karya shi farin ruwa ke fita kamar madara. Ushar ake ce masa. Ba wanda ya kula da shi sai malamarmu ta kimiyya, Abla Nawal, wata 'yar Masar mai dariya da ƙarfi. Wata rana ta shigo aji tana haki ta ce kowa ta ajiye alƙalami ta biyo ta. Ta kai mu gindin tsiron, ta juya wani ganye, sai ga 'yan tsutsotsi ƙanana kamar gashin ido suna motsi. Wasu suka yi ihu suka ja da baya. Ni kam tsugunawa na yi, har sai da Abla ta ce in matsa wasu su gani.

Daga ranar ba mu da wani zance sai nasu. Da an kaɗa ƙararrawar hutu, da gudu muke zuwa, burodinmu a hannu. Kullum sai mu tarar sun ƙaru. Zane ya fito musu, baƙi da fari da ɗigon rawaya, kamar saƙin da aka yi da hannu, ga 'yan ƙahonni sirara kamar zare suna kaɗawa. Na lura kafin su ci ganye sai sun ɗan yanke jijiyarsa su jira farin ruwan ya tsiyaye, sannan su hau ci daga gefe, suna yin baka-baka kamar mai yankan ƙyalle. Na ga wata ta tuɓe fatarta kamar riga, ta juyo ta cinye rigar, na kira ajin gaba ɗaya. Kowace yarinya ta zaɓi tata ta sa mata suna. Tawa ita ce babbar cikinsu, mai tafiya a hankali ba ta kula kowa, sai na sa mata Hajiya Babba. Abla Nawal ta zana mana malam-buɗe-littafi a allo, ta ce idan muka yi haƙuri abin da za su zama ke nan. Mun ce to, amma a zuci ba mu yarda sosai ba. Ta ina fukafukai za su fito a jikin nan?

Sai wata yarinya 'yar aji ɗaya ta karya ganyen tana wasa, ta shafa idonta, idon ya kumbura. Shugabar makaranta ta sa mai gadinmu, tsoho Ammi Salihu, ya tumɓuke tsiron bayan an tashi, ya kai shi waje. Yanzu da nake uwa ban ga laifinta ba. Amma da safiyar Alhamis da muka ruga lambu muka tarar da rami, sai kuka. Abla Nawal ba ta zo ba ran nan, gobe kuma Juma'a, babu makaranta. Yayin da sauran ke kuka ni na shiga dube-dube. Na samu wasu kaɗan a jikin katanga, wasu a kan bututun ruwa, suna ɗaga kai suna lalube a iska. Hajiya Babba tana cikinsu. Na zazzage fensirorina daga gwangwanin halawa da nake ajiye su, na huda murfin da ƙusa, na kwashe su na kawo gida a ƙarƙashin mayafina.

A gidanmu an raine mu da cewa baƙon da ya sauka a Madina ba a ba shi sai abin da ya fi kyau. Duk lokacin aikin Hajji gidan cika yake da 'yan'uwa da ma waɗanda ba mu sani ba, Umma ta fito da dabino ajwa da ta ɓoye, mu mu bar musu ɗakinmu mu kwana a tsakar gida. To ni a ganina talauci ne ya sa baƙina suke cin ushar, don ba su samu wani abu ba a waccan kusurwa. Yanzu da suka zo gidan mutunci, ai sai gara. Na shiga kicin a ɓoye na kwashe ƙullin na'ana'ar da Umma ta saya da safe, na'ana'ar Madina da mutane ke guzurinta zuwa ƙasashensu. Na haɗa da ganyen latas, da ɗoɗɗoya, da furen wardi, har da ɓarin ajwa. Na shimfiɗa musu, na zauna ina jiran godiya.

Ko kallo bai ishe su ba. Suka hau kan ganyen suka wuce, suka hau bangon gwangwani suna ta lalube. Na sake musu sabo bayan La'asar, na yayyafa ruwa, na yi bisimilla a kai. Shiru. Kafin Magariba jikinsu ya fara yamutsewa, ƙaramar cikinsu ta kwanta ba ta motsi sai an taɓa ta. Na yi sallar Isha'i ina roƙon Allah a sujada kada ya kama ni da haƙƙinsu, na kulle su ba ci.

Haka na shiga ɗakin Sitti, raina a jagule. Umma ta zuba shayi, Baba ya kurɓa, ya dubi kofin, ya dubi Umma.

"Yau shayin namu maraya ne? Ina na'ana'ar?"

Umma ta rantse ta saya, da hannunta ta ajiye a kan tulu. Safiya ta cusa kai cikin bargo, bargon ya shiga girgiza. Da aka matsa mata ta fara da Larabci, Sitti ta buga sandarta a ƙasa, sai ta sake da Hausa, ta nuna ni ta ce Habiba ce ta kawo tsutsa gida take ba su. Umma ta tashi tsaye ta ce yanzun nan a kai su bola, ita ba ta kwana gida ɗaya da tsutsa. Ni kuwa na fashe da kuka ina bayani rabi Hausa rabi Larabci.

Sitti ta ce a kawo ta gani tukuna. Na kawo gwangwanin, ta buɗe, ta karkata shi wajen hasken garwashi, ta kai idonta kusa har hancinta na neman shiga. Ta daɗe a haka. Sai na ga fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"La'ilaha illallahu. Ke ce a nan? Yaushe a gari? Ke ma ta Sudan kika biyo?"

Da Hajiya Babba take magana. Baba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na kama hannunta ina roƙo ta gaya mini ciwon da ke damunsu. Amma Sitti ba ta taɓa ba da amsa a miƙe ba a rayuwarta. Ta rufe gwangwanin, ta ajiye a cinyarta, ta ce Umma ta zauna, baƙon da ke cinyar tsohuwa ba a kai shi bola. Sannan ta gyara zama ta buɗe da abin da take buɗewa da shi kullum:

"Ga wata ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙura."

Muka amsa, ni da muryar kuka: "A ba ta ruwa ta zauna."

Ta ce a can da, an yi wata 'yar tsutsa fara fat, ba uwa ba uba, iska ta yar da ita a bakin wani gari da yamma. Ta je wurin Mangwaro ta nemi masauki, ya ce ɗakunansa sun cika da baƙi masu daraja. Ta je wurin Kanya, ta ce sai ta tambayi mijinta. Ta je wurin Ɗinya, ko sallamarta ba ta amsa ba. Rana ta faɗi, tsuntsaye suna shawagi suna neman abin kalaci. Sai ta hango wata tsohuwa a bayan gari, a kan juji, ita kaɗai, ko akuya ba ta raɓarta. Tumfafiya ke nan. Sitti ta shaƙe murya ta yi maganar tsohuwar: "Shigo 'yar nan. Amma ki sani ni ba ni da komai sai nono mai ɗaci. Kowa ya ɗanɗana sai ya zage ni."

'Yar tsutsa ta ci tana hawaye, ta sake ci tana hawaye, har wata rana ta ci ba ta yi hawaye ba. Ɗacin ya ratsa jikinta, ya fito mata a fata ya zama zane, baƙi da fari da rawaya. Ranar da tsuntsaye suka sauko suka tsince baƙin Mangwaro masu zaƙin jiki, wani ya zo ya ɗauke ta ita ma, yana sa ta a baki ya tofar, ya tashi yana goge baki a reshe yana gargaɗin 'yan'uwansa: duk wanda ya ga mai zanen nan ya kama gabansa. Sitti ta kwaikwayi tofin tsuntsun, Safiya ta faɗi gefe don dariya.

Labarin kyawun zanenta ya kai kunnen uwargidan wani babban lambu, ta aika aka ɗauko ta da girmamawa. Aka shimfiɗa mata ganyaye masu ƙamshi da furanni iri-iri, waɗanda ba a ba kowa. Ta zauna ta kasa ci. Aka sake wasu, ta kasa. Tana ramewa, uwargida tana jin haushi, tana cewa an raina mata abinci. A nan Sitti ta sassauta murya ƙwarai, ta juyo da fuskarta wajena:

"Sai ta ce, ranki ya daɗe, ba raini ba ne. Kin ba ni abin da kike so ne, kuma na gode. Amma cikina gida ɗaya ya sani. Da kin tambaye ni da na gaya miki."

Uwargida mai hankali ce, ta sa aka mai da ita bayan gari. Tsohuwa ta karɓe ta, ta ciyar da ita har ta murmure, sannan ta ɗinka mata ɗan ɗaki kore da maɓallan zinariya ta rufe ta a ciki. Da ta fito, ta fito da mayafi launin lalle mai baƙin gefe, ta tashi sama. Furannin duniya duka suka buɗe mata ƙofa, tana shan zumarsu inda ta ga dama. Amma har gobe, in za ta haihu, bayan gari take komawa ta ajiye 'ya'yanta a ƙofar tsohuwar nan mai faffaɗan ganye launin toka, mai 'ya'ya kumburarru da ba komai a cikinsu sai iska da auduga.

Ban bari ta rufe ba. Na yaye bargon na miƙe tsaye.

"Ushar! Sitti, ushar ce!"

"Mu dai tumfafiya muka san ta, ƙawata. Zauna in sallami baƙuwata." Ta ɗaga hannu ta ce, "Ta sha ruwa, ta ɗau sandarta. Wanda ya ƙoshi ya yi hamdala."

Ni a lokacin nake so a tafi nema. Baba ya ce akwai ta da yawa a kwarin Aƙiƙ, amma ba mai shiga can da duhu saboda kunama, sai an yi Asuba. Sitti ta sa na kwashe na'ana'ar da sauran tarkacen, ta ce kuma kada in ajiye su kusa da wuta, in kai su inda ke da sanyi, don mai yunwa in ya ji sanyi barci yake, ba ya ɓata ƙarfinsa. Umma ta ce ta yarda da kwana ɗaya, amma in ta ga guda a kicin ɗinta, ni da su duka bola.

Gari bai gama wayewa ba muka shiga motar Baba mai buɗaɗɗen baya, wadda yake ɗaukar katako da ita zuwa shagonsa na kafinta a unguwar Sultana. Abin mamaki, Sitti ta fito da sandarta da bargonta ta ce da ita za a je, ita da ba ta fita sai zuwa Harami. Ni da Safiya muna baya, iska na yankan kunnuwanmu, gwangwani na cikin rigata, ina jin kamar in sauka in tura motar.

Da muka gangara kwarin, sai ga ta nan ko'ina a cikin yashi da duwatsu, wata har ta fi Baba tsawo. Na yi tsalle na diro. Amma Baba ya tsaya ya riƙe gemu. Mutum ne mai tsoron shubuha. Ya ce nan fa cikin hurumin Madina ne, ya ji malamai na cewa ba a kakkaɓe ganyen itacenta sai dai don abincin dabba. Sitti ta dube shi sama da ƙasa.

"To waɗannan na cikin gwangwanin, limamai ne?"

Baba ya yi murmushi ya ce a tsinka daidai bukata. Ita ta nuna mini yadda ake yi: a kau da fuska, a tsinke, a bar nonon ya ɗiga a ƙasa, kada hannu ya je ido sai an wanke. Na sa ganye mai laushi a gwangwanin, muka haɗa kai a kansa mu huɗu, har da Baba da ya tsuguna da farar rigarsa ta Juma'a. Da farko ba abin da ya motsa. Rana ta ɗan taɓa su. Sai Hajiya Babba ta ɗaga kai, ta kaɗa ƙahonninta, ta jawo jiki a hankali kamar mai ciwon baya, ta taɓa gefen ganyen da bakinta. Ta tsaya. Sannan ta kama ci. Wallahi a shirun kwarin nan har ƙarar cinta muna ji, ƙus-ƙus-ƙus. Sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Na rungume Safiya muna tsalle muna kabbara. Ƙaramar ce kawai ba ta tashi ba. Safiya ta tona mata ɗan rami a gindin tumfafiyar ta rufe.

Da na waiwaya sai na ga Sitti ta tsinko ɗaya daga cikin 'ya'yan nan kumburarru ta ajiye a ƙasa, ta tattare zaninta, ta taka da diddige. Fus! Ta ƙyalƙyale da dariya kamar yarinya, ta ce haka suke yi a bayan garinsu in an aike su itace, kuma rabon da ta taɓa ganyen nan tun tana hanya. Ta tsinko wani ta ba ni in taka.

Ranar Asabar na kai gwangwanin wurin Abla Nawal, ta rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ta yi magana da shugabar makaranta aka daidaita: Baba ya haɗa akwati na katako mai raga, aka rataye shi a itacen lemun tsami inda hannun ƙanana ba ya kai. Kullum idan ya taso daga Sultana sai ya ratsa ta Aƙiƙ ya tsinko ganye, ya shigo gida da burodi a hannu ɗaya, tumfafiya a ɗaya. Abokan aikinsa suka sa masa suna makiyayin tsutsa, bai damu ba. Da daddare kuma al'amari ya juya, ni ce mai ba da labari. Sitti ta ce sai na gaya mata abin da baƙinta suka yi yau, da Hausa. In kalma ta ɓace mini sai in kwatanta da hannu, ita ta miƙo mini kalmar.

Na gaya mata ranar da Hajiya Babba ta daina ci ta hau rufin akwatin ta rataye kanta ƙasa, ta lanƙwashe kamar harafin lam. Na gaya mata washegari da muka tarar babu ita, sai ɗan kwanso kore mai santsi, da ɗige-ɗigen zinariya a jere. Zinariya sosai, mai ƙyalli. Na zo da gudu ko jakata ban ajiye ba na ce mata maɓallan nan gaskiya ne, na gan su da idona. Ta ce a'a, ashe a cikin ƙaryarta akwai gaskiya.

Wata Alhamis kwanson ya yi duhu, har ana hango launin ja-ja a ciki. Abla Nawal ta ce gobe Hajiya Babba za ta fito, kuma gobe ba kowa a makaranta. Ta ciro katakon da take rataye a jiki ta miƙa mini, ta ce in kai wa kakar nan tawa mai tatsuniya. Na taho da shi a hannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da hantsin Juma'a, a tagar ɗakin Sitti, kwanson ya tsage. Abin da ya fara fitowa bai yi kyau ba, jiƙaƙƙe, fukafukan a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Na tsorata na miƙa hannu zan gyara mata, Sitti ta riƙe wuyan hannuna ta ce in bari, wannan aikinta ne. Muna kallo fukafukan suna miƙewa a hankali, suna faɗi, har suka baje: launin lalle, gefe baƙi, da ɗige-ɗigen fari. Har Umma ta bar tukunya a wuta ta zo tana tasbihi. Sitti ta kai yatsanta kusa, ita kuwa ta tako ta hau. Yatsan yana da lalle, sai ka rasa inda lallen ya ƙare inda fiffiken ya fara. Muka fita tsakar gida da ita a haka, a hankali. Ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, sannan ta tashi, ta ƙetare katanga ta yi yamma.

"Ki gai da tsohuwa," in ji Sitti.

Shekaru suka wuce, na gama sakandare, na yi aure. Sitti ta kwanta ciwo, ta daina cin abinci. Kowa ya kawo abin da ya fi iyawa: shinkafa da madara da romon kaza irin ta Hijaz, miyar ganye, tuffa, ruman, zuma mai tsada. Ta kalla ta gode ta kau da kai. Likita ya fara maganar a kwantar da ita a sa mata ruwa. Ina zaune a gefen gadonta ina kallon kwanukan nan a jere, sai na ga gwangwanin halawa cike da na'ana'a da wardi. Na sunkuya na tambaye ta, da Hausa, me ranta yake so. Ta ce tuwon dawa, miyar kuka, da daddawa sosai.

Sai da na zaga Sultana kafin na samu wata baiwar Allah 'yar Nijar da ke aiki a wani gida, ta ɗebo mini kuka da daddawa daga guzurinta. Na tuƙa tuwon da laushi. Warin daddawar ya cika gidan, ƙannena da aka haifa daga baya suna toshe hanci. Sitti ta sa hannu ta yi loma, ta sake, ta sake. Ta ɗago ta dube ni da idon da ba ya gani sosai ta ce, "Ƙawata, kin je Aƙiƙ ke nan." Ta tashi daga wannan ciwon, ta ƙara azumi tare da mu, kafin Allah ya karɓi abarsa. Tana kwance a maƙabartar Baƙi'a inda ta yi tafiyar shekaru don ta kwanta. Allah ya haskaka kabarinta.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan riƙon alheri take, kada a manta da wanda ya ba ka masauki. Hakan ma yana ciki. Amma abin da ya fi bina cikin rayuwa shi ne maganar da aka gaya wa uwargidan lambu. Sau nawa na shimfiɗa wa mijina, da 'ya'yana, da baƙin da ke sauka gidana, abin da ni nake so, da zuciya ɗaya, ina jin ciwo don ba su karɓa ba, alhali tambaya ɗaya ce ban yi ba. Na kuma gane cewa ɗacin da mutum ya tashi da shi, hanya da baƙunta da harshen da ake yi wa dariya a kasuwa, wani lokaci shi ne abin da ke tsare shi, kuma ba a yaye shi da zaƙi.

Yanzu ni ce Sitti. Ƙurban ta cika da benaye, injin ban-ruwa ya yi shiru. Amma a saman gidana akwai tukunya guda da na kewaye da raga saboda idon yara, tumfafiya ce a ciki, maƙwabta suna mamakin abin da nake yi da ita. In ɗari ya sauka nakan hura gawayi in tara jikokina, su bar Larabci a bakin ƙofa. In ce musu ga wata ta taso daga nesa, su amsa a ba ta ruwa ta zauna, da Hausarsu mai karkata. Daren jiya ƙaramarsu, wadda ta riga ta ji labarin gwangwanin halawa, ta ɗaga hannu ta tsai da ni kafin in ci gaba.

"Sitti, tsaya. Ba a tambaye ta me take ci ba."